Ta ina zan fara koya wa ɗaliban jiyoloji XRD?

Tambaya: Salam malam. An ɗora mini kwas ɗin ilimin ma'adinai na 'yan digirin farko, kuma akwai XRD a ciki, wato gane ma'adini ta yadda hasken eksire (X-ray) yake watsuwa in ya bugi kiristal. Na yi amfani da injin lokacin da nake masta amma ban taɓa koyar da shi ba. Ɗaliban suna da yawa, inji ɗaya ne, kuma da yawansu da sun ga lissafi sai jikinsu ya mutu. In fara da ka'idar Bragg ne ko in kai su lab kai tsaye? Sannan tunda yanzu manhaja ce ke fitar da sunan ma'adinin, akwai amfanin wahalar da su da aikin hannu?

Amsa: Wa alaikumus salam malam, Allah ya taya ka riƙo. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe don ita ce zata gyara maka sauran.

Mafi yawan ɗaliban nan naka har su yi ritaya ba zasu sake taɓa injin XRD ba, amma kusan dukkansu wata rana za a ajiye musu takardar sakamako a gaba, a kamfanin siminti ne ko wajen haƙar mai ko ofishin masu gwajin ƙasa kafin a yi titi, a ce ga abin da ke cikin samfur ɗinka. Toh wanda kake son yayewa shine wanda zai kalli takardar nan ya ce a'a, wannan ma'adinin ba shi da abin yi a cikin irin wannan dutsen, a sake dubawa. Ita manhaja bata san daga ina aka ɗebo samfur ba, lambobi kawai take gwadawa da lambobi, duk wanda ya fi kusa ta miƙo maka. Don haka aikin hannu ba wahalarwa bane, shi kaɗai ne yake sa ɗalibi ya san abin da manhajar take yi a ɓoye, ya kuma samu ƙarfin halin musa mata.

Maganar ta ina zaka fara kuwa, ni dai shawarata kar ka fara da Bragg, kar kuma ka fara da injin. Fara da abin da zai ɗaure musu kai. Ka shigo aji da farin gari kala biyu, ɗaya kalsayit ɗaya aragonayit, ka ce su bambance. Zasu ɗiga asid, duka biyun su yi kumfa. Zasu ce a kai gwajin sinadarai, ka ce an kai, duka biyun CaCO3 ne, ko ɗigo babu bambanci. Ka bar su su yi ta musu, sannan ka ɗora musu zanen XRD na kowanne a allo, kalsayit babban tsininsa yana digiri 29.4, aragonayit nasa yana wajen 26.2 da wani kusa da shi a 27.2, ko wanda bai san komai ba zai ga ba abu ɗaya bane. A nan ne zasu kama zancen da kansu, cewa injin nan ba sinadari yake karantawa ba, yadda atam suka jeru yake gani. In kana da su a ɗakin ajiya ka ƙara da kiyanayit da andalusayit da silimanayit, duka ukun Al2SiO5 ne amma kowanne yana gaya maka zafi da matsin da dutse ya sha daban, kaga nan ka haɗa musu XRD da kwas ɗin duwatsun da suka rikiɗe, sun san ba abin banza ake koya musu ba. Sannan ka sa musu yankan dutsen laka a madubin duba duwatsu, su leƙa su ga ba abin da ake iya ganewa sai duhu-duhu saboda ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta. Wannan shine dalili na biyu da ya sa ake buƙatar injin.

Bayan haka sai ɗan wasa da haske, minti goma ya isa. Ka samu ƙaramar leza ja da faifan CD da na DVD, ka kashe fitila ka haska faifan, hasken zai watsu a bango ɗigo-ɗigo. Tazarar layukan CD maikuromita 1.6 ce, ta DVD 0.74, tsawon zangon jar leza kuma wajen nanomita 650, sai ka ga na CD ya kauce da kusan digiri 24, na DVD ya yi can nesa sama da 60. Abin da kake son ya zauna musu shine in tazara ta ragu kusurwa ƙaruwa take yi, kuma wallahi ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ba zai sake tambayarka me ya sa yumɓu mai faɗin tazara yake fitowa a farkon zane ba. Daga nan tambayar zata zo da kanta, me ya hana a haska dutse da leza? Saboda tazarar atam 'yan angistiram ce kawai, hasken da ido ke gani kuma yana tsakanin 4000 da 7000, ya yi girma fiye da kima. Shi kuwa eksire ɗin da ake samu daga tagulla 1.54 ne, ya zo daidai wa daida.

Tarihi kar ka cinye lakca guda a kansa, amma kar ka tsallake shi, yana sa abin ya zama na mutane. Röntgen ya gano eksire a Jamus a 1895, a 1912 Max von Laue da Friedrich da Knipping suka harba shi cikin kiristal a birnin Munik suka ga ya watsu, gwaji ɗaya ya tabbatar da abu biyu, cewa eksire igiyar haske ne kuma atam a cikin kiristal a tsare suke. Sai Bragg uba da ɗa a Ingila suka mayar da shi lissafi mai sauƙi suka warware tsarin gishiri da na daimon a 1913, aka ba su Nobel a 1915 lokacin ɗan yana shekara 25, wannan na shekarun kar ka manta ka faɗa, ajin zai yi tsit. Hanyar gari da muke amfani da ita yau kuma Debye da Scherrer ne a 1916, da Hull a Amurka a 1917.

Yanzu ne lokacin Bragg, nλ = 2d sinθ, inda λ shine tsawon zango, d tazarar sahun atam, θ kusurwar da haske ya sauka, n kuma cikakkiyar lamba. Ka zana sahu biyu na atam a allo, haske biyu sun sauko, na ƙasan ya fi na saman tafiya da 2d sinθ, in wannan ƙarin ya yi daidai da cikakken zango sai su haɗu su ƙarfafa juna, in bai yi ba su kashe juna. Iyakar lissafin kenan, masu tsoro su kwantar da hankali. Amma fa kar ka bar shi a allo, kowa ya ciro kalkuleta a take. Ka ba su babban tsinin kwaz, 26.64. Rabinsa 13.32, sayin ɗinsa 0.2304, sau biyu 0.4608, a raba zangon tagulla 1.5406 da shi, d ta fito angistiram 3.34. Ka sa ido sosai a nan, da yawa zasu manta su raba biyu, su ɗauki sayin ɗin 26.64 gaba ɗaya su samu wajen 1.72, don injin 2θ yake rubutawa ba θ ba. Gara su yi wannan kuskuren a gabanka ranar farko da su yi shi a furojet ɗin ƙarshe.

Akwai tarko ɗaya da nake so ƙwarai. Ɗalibai suna son hadda, da sun ji kwaz 26.6, kalsayit 29.4, dolomayit wajen 31, shikenan sun rufe littafi. Toh ka ba su zanen kwaz da aka ɗauka da bututun eksire na kobal maimakon na tagulla, kar ka ce komai. Zangon kobal 1.789 ne, saboda haka babban tsinin kwaz zai koma wajen digiri 31, kuma zaka ga hannaye sun tashi ana cewa dolomayit ne malam. Daga ranar sun gane kusurwa ta inji ce, d ita ce ta ma'adini, kuma abin da ake fara dubawa a kowace takardar sakamako shine da wane bututu aka yi aikin. A nan ne ma zaka gaya musu dalilin da ya sa wasu lab suke zaɓar kobal, samfur mai ƙarfe da yawa irin hematayit in ka buga masa eksiren tagulla shi ma sai ya riƙa fitar da nasa hasken, ƙasan zanen ya kumbura ya binne ƙananan tsinaye.

Lambobin Miller kuwa, wato lambobi uku da ake sa wa kowane sahun atam suna, a ba su daidai ci. Gishiri ya ishe ka. Tsinin halayit na 31.7 yana ba da d 2.82, shine sahun 200, a ninka biyu ka samu faɗin ɗakin kiristal ɗin 5.64, sai su gwada sauran tsinayen na 27.4 da 45.4 da 56.5 su ga 111 da 220 da 222 sun faɗo daidai. Sannan ka ajiye zanen silbayit, wato KCl, kusa da shi. Tsari iri ɗaya ne amma komai ya matsa hagu saboda ɗakin ya fi faɗi, 6.29, kuma abin mamaki tsinin 111 ya kusa ɓacewa. Me ya cinye shi? Eksire da ilektiron yake hulɗa, a cikin KCl fotashiyam da kulorin kowanne yana da 18, sai hasken ya kasa bambance su, abin da wannan sahu ya turo wancan ya soke shi, a gishiri kuwa 10 ne da 18, sokewar bata cika ba. Da misalin nan guda ɗaya ka koya musu cewa wurin da tsini ya tsaya girman ɗaki ne, tsawonsa kuma su waye a cikin ɗakin da inda suka zauna. Faɗin tsini shima ka taɓo, in ya yi faɗi ƙwayoyin kiristal ƙanana ne ko tsarin ya hargitse. Lissafi mai zurfi irin su ƙwallon Ewald da ragar nan ta juye (reciprocal lattice), ni a ganina ka bar wa 'yan masta, wasu malaman zasu ce na rage wa ilimi daraja, toh na ji, amma na fi son ɗalibi ya fita da abu uku da ya riƙe gam.

Inda nake so ka kashe lokaci fiye da ko'ina shine shirya samfur, don a nan ake ɓata yawancin sakamako, ba a cikin inji ba. Hanyar gari gaba ɗayanta ta dogara ne a kan zaton cewa akwai ƙwayoyi masu ɗimbin yawa kuma kowacce ta fuskanci inda ta ga dama. Ɗalibi zai daka dutse a ƙaramin turmin agat na minti ɗaya hannunsa ya gaji ya ce ya yi, ka ce ya murza tsakanin yatsunsa, in yana jin tsakuwa-tsakuwa bai yi ba, sai ya yi laushi lilis, in ma lissafin yawa za a yi ana son ya sauko kusan maikuromita 10. Kar ka tsaya faɗa da baki, ka sa su ɗauki samfur ɗaya sau biyu, mai gurza-gurza da mai laushi, su ɗora zanen a kan juna, zasu ga tsayin tsinaye ya rikice, wani ya yi tsalle wani ya ɓace. Sai matsalar kwanciya, mayika da yumɓu da jifsam falle-falle suke, kamar ka watsa takardu a ƙasa ne, ba wadda zata tsaya da gefenta, duk kwanciya zasu yi, toh in ɗalibi ya danne garin da gilashi yana shafawa don ya yi kyan gani sai tsinin angistiram 10 na mayika ya yi tashin gwauron zabi, wanda bai sani ba ya ce rabin dutsen mayika ne. Shi ya sa ake cusa gari ta baya ko ta gefen mazubin. Na uku tsayin samfur, in garin ya ɗan ɗago ko ya nutse a cikin mazubi duk tsinayen sai su gusa gefe guda, kuma sa'ar da muke da ita a jiyoloji ita ce kwaz yana kusan ko'ina kuma baya canza hali, in ka ga nasa ya bar 26.64 ka san samfur ne bai zauna ba, ka gyara sauran da shi. In babu kwaz a barbaɗa silikon ko korandam.

Wannan na gusawa yana da muhimmanci don wani lokacin gusawar gaskiya ce. Magniziyam in ya shiga cikin kalsayit ɗakin yana tsukewa, tsinin 29.4 ya matsa zuwa ɓangaren dolomayit, haka olibin tsininsa yana tafiya gwargwadon yawan ƙarfe da magniziyam. Ɗalibin da bai iya bambance gusawar sakaci da gusawar sinadari ba zai rubuta maka labari mai daɗi a kan kuskuren hannunsa.

Gane ma'adini da hannu kuma ba sai ka ba su dubban kati ba. Hanyar da Hanawalt da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin Dow a 1938 har yau tana aiki, ka ɗauki tsinaye uku mafi tsayi, ka mayar da su d, ka nema a jadawali. Daga irin wannan aikin ne tarin katunan PDF (Powder Diffraction File), wato kundin tsinayen ma'adinai da sinadarai, ya samo asali a 1941, wanda yanzu cibiyar ICDD ke riƙe da shi. Kai dai ka buga musu takarda ɗaya mai ma'adinai ashirin da aka fi haɗuwa da su, ka fara ba su abu guda tsantsa, sai gauraye biyu, sai uku. Dokar da zaka kafa musu ita ce tsini ɗaya baya yanke hukunci. In ka ce kwaz ne saboda 3.34, ina 4.26, ina 1.82? Girafayit ma babban tsininsa 3.35 ne, kusan a kan na kwaz yake zaune. Kuma duk tsinin da ya rage ba mai shi sai an yi bayaninsa, ba a share shi. Wani lokacin ma ba ma'adini bane, in kwaz ya yi yawa kuma matatar nikel da ke tace hasken tagulla bata tace da kyau ba zaka ga ɗan ƙaramin tsini a wajen digiri 24, inuwar babban ce daga wani zango na biyu da tagulla ke fitarwa, ɗalibai da murna sun gano sabon abu.

Sai bayan duk wannan zaka buɗe musu manhaja, kuma ranar ka bar ta ta ba da kanta. Ka sa samfur ɗin yashi ko farar ƙasa, ka danna bincike ba tare da ka taƙaita mata komai ba, a cikin jerin da zata kawo zaka ga wasu sinadarai da a lab kaɗai ake haɗa su, ko ma'adinin da sai a cikin aman wuta ake samu, da maki mai kyau kuwa. Ka tambaye su wanne zasu yarda da shi kuma don me. Amsar tana wajen abin da suka gani da ido a dutsen, da madubi, da inda aka ɗebo shi. Ka kuma gaya musu abin da injin baya gani, abin da bai kai kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba sau da yawa yana ɓuya, wanda ba kiristal ba kuma irin gilashin aman wuta ko ofal tudu kawai yake yi mai faɗi ba tsini. Rashin ganin abu a zane baya nufin babu shi.

In lokaci zai ba ka firaktikal ɗaya tak mai kyau, ka yi na yumɓu. A ware ƙwayoyin da basu kai maikuromita 2 ba ta hanyar barin su a ruwa manyan su nutse, a ɗiga a kan gilashi ya bushe, a nan kuma da gangan muke son su kwanta, abin da muka hana ɗazu shi muke nema yanzu. A ɗauka sau uku, busasshe, sai bayan ya sha tururin etilin gilaikol, sai bayan an gasa shi a zafin digiri 550. Simektayit d ɗinsa tana farawa wajen angistiram 14 ko 15, ya sha gilaikol ya kumbura zuwa 17, a gasa shi ya rufta zuwa 10. Ilayit yana nan a 10 ko gezau. Kawolinayit yana 7.15, wuta ta rusa shi tsinin ya ɓace, kulorayit kuwa na 14 ɗinsa yana tsira har ma ya ƙara tsayi. Ɗalibi yana kallon tsini yana tafiya a allo saboda abin da shi da hannunsa ya yi wa samfur, ba lakcar da ta kai wannan. Daga nan sai ka haɗa musu da rayuwa, wannan kumburin na simektayit shine yake tsaga gini da titi a ƙasa mai kumbura, shine yake kama bututu a rijiyar mai.

Matsalar inji ɗaya ba abin tayar da hankali bace. Ka raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya daka nasa ya cusa nasa ya tsaya a ɗauka a gabansa ko sau ɗaya ne, injinan kan tebur na yanzu irin MiniFlex ko D2 Phaser cikin 'yan mintuna suke gama samfur, sauran aikin duk a takarda da kwamfuta ne. Ranar da injin ya lalace, kuma zai lalace, akwai zanuka kyauta a rumbun RRUFF na jami'ar Arizona da tsarin kiristal a rumbun COD, akwai manhajojin Profex da GSAS-II na nazari, akwai VESTA da zasu juya kiristal su ga sahun da ake magana. Amma dakan nan ko babu inji su yi shi. Kafin kowa ya shiga lab kuma a yi maganar tsaro ba da wasa ba, injinan a rufe suke kuma suna yanke hasken in an buɗe ƙofa, duk wanda ya yi dabarar tsallake wannan makullin a fitar da shi, ƙonewar eksire ba a jin ta a lokacin sai daga baya. Ƙurar kwaz tana illa ga huhu, gilaikol kuma guba ne.

Hanyar Rietveld ta lissafin kashi-kashi, wadda Hugo Rietveld ya fitar a Holan a ƙarshen shekarun 1960, ka nuna musu sau ɗaya su san da ita, su ga layin bambanci tsakanin zanen inji da na lissafi a ƙasa, ya isa. In ka ga aji ya fara gyangyaɗi kuma ka ɗauko musu labarin Curiosity, motar NASA da ta sauka a duniyar Mas a 2012 ɗauke da ɗan injin XRD mai suna CheMin, da kobal yake aiki, samfur ɗin farko ya nuna felsifa da fairoksin da olibin, daga baya da aka huda dutse aka samu yumɓu, shaidar cewa ruwa ya taɓa zama a wurin. Lissafin da suka yi da kalkuleta shine dai aka yi a can.

Wajen jarabawa kar ka ce su rubuto ka'idar Bragg, kowa zai haddace. Ka ba su zane na gaske mai ɗan datti, ka rubuta bututun da aka yi amfani da shi da bayanin dutsen a layi biyu, ka haɗa da jerin sunaye biyar da manhaja ta kawo, biyu daga ciki na ƙarya. Su fitar da d, su zaɓi na gaskiya, su faɗi dalilin ƙin sauran, sannan su rubuta wane gwaji zasu ƙara yi don su tabbatar. Maki mafi yawa ka ɗora shi a kan dalilin.